Ranar da Na Je Kwance Akuya a Gidan Iya Tabawa

Ba zan taɓa mantawa da daminar da na dawo garinmu Toranke daga Gaya da rabin babi a kaina ba. Yau gemuna ya yi fari fat, haƙoran gaba sun tafi sun bar ni, amma in na tuna abin da na aikata a Balan, wani gari kusa da namu, a daminar nan sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi. Jikokina sun san labarin, domin akwai masu ba su ko ban ba su ba, kuma kowa da irin gishirin da yake ƙarawa. Gara dai in faɗa da bakina, ko na samu in rage wa kaina wani abu.

A lokacin ina saurayi, gemu ya fara leƙowa ɗaya-ɗaya, ina ta shafa shi kamar wani abin kirki. Na sauke Alƙur'ani, na ɗan taɓa ƙananan littattafai a wurin limamin garinmu, sai Baba ya ce in riƙa zuwa Gaya cin rani wurin Malam Isiyaku in yi fiƙihu. Haka tsarin yake ga 'ya'yan manoma irina. In an gama kai amfanin gona rumbu ka rataya gafakarka ka tafi karatu, in hadari ya fara haɗuwa a gabas ka dawo ka ɗauki fartanya. Duk inda ruwan shuka ya same ka a littafi, nan za ka tsaya sai wata shekara.

Malam Isiyaku gajeren mutum ne mai sanyin murya, kullum da goro a kumatu. Yana zama kan buzu a zaurensa, mu kuma mu kewaye shi, kowa da takardunsa. Ɗalibi ya karanto Larabci gaɓa-gaɓa, Malam ya riƙa mayar masa da Hausa. A shekarar da nake ba ku labari muka shiga babin ciniki. Kafin nan tsarki muka yi, da salla, da azumi, waɗanda ko tsohuwa a Toranke ta san wani abu a kansu. Amma ciniki? Ko limaminmu bai kai nan ba. Ranar da muka buɗe babin na ji har tafiyata ta canza.

Malam ya ce duk wani ƙulli tsakanin mutum biyu, saye da sayarwa ne, ko haya, ko ƙodago, yana da ginshiƙan da yake tsayuwa a kansu. Sai da mai bayarwa da mai karɓa, kowannensu da hankalinsa, kuma yana da iko da abin da yake bayarwa. Sai da yardar juna. Sai kuma abin da aka ƙulla a kansa ya zama sananne, wanda za a iya miƙa shi. Daga nan ya shiga jero abubuwan da aka hana. Ba a sayar da tsuntsu yana sama, ba a sayar da kifi yana cikin ruwa, ba a sayar da ɗan da ke cikin cikin dabba. Ba a ɗaukar mutum aiki a kan ladan da ba a san yawansa ba. Duk wannan, in ji Malam, garari ne, wato ƙulli a kan abin da babu tabbas a cikinsa. Ƙarshen kowace mas'ala sai ya ce, a hankali, “Wannan bai inganta ba.”

Ni kuwa maganar nan ta shiga raina. Nakan maimaita ta a hanyar rijiya, ina gwada murya iri-iri, har na samo wadda ta fi dacewa da ni: a sassauta murya, a lumshe ido, a girgiza kai sau ɗaya. (Malam bai taɓa lumshe ido ba. Wannan ƙarin nawa ne.)

Muna tsakiyar babin aka yi ruwan shuka da wuri, Baba ya aiko in dawo. Malam ya sa tsinke tsakanin takardun ya ce, “Nan muka tsaya. Sauran sai rani, in da rai.” Na dubi takardun da suka rage a bayan tsinken, tari guda ne. Sai na ce a raina ai duk ƙarin abubuwan da ba su inganta ba ne, kuma tunda na gane yadda abin ke tafiya, zan iya gano su da kaina.

Haka na sauka a Toranke, kamar an sako ɗan akuya cikin gonar wake. Wadda na fara da ita Bafulatanar da ke kawo mana nono ce. Tun ina yaro take zuba mana nono duk damina, in kaka ta yi ta zo ta auni gero. Na tare ta a tsakar gida na ce mata abinci da abinci sai hannu da hannu, jinkiri a tsakaninsu bai inganta ba. Ta dube ni, ta dubi Inna, ta ɗora ƙwaryarta a ka ta fita. Tun daga ranar muka koma dama fura da ruwa. Baba ya kurɓa ya ɗaga kai ya dube ni, ya ci gaba da shan abinsa. Shi mutum ne mai ganin girman karatu, nasa kuma bai yi nisa ba, saboda haka yana tsoron ya musa mini ya zama ya musa wa littafi. Wannan tsoron nasa shi ya ba ni filin da na yi ta sukuwa.

Na biyu shi ne Ɗanjuma wanzami. Shi ke yi wa mazan gidanmu aski duk shekara, ya yi ƙaho ga mai bukata, in kaka ta yi a kai masa damin dawa. Rannan ina zaune a gabansa, ya jiƙa mini kai, ya aske ɓangaren dama tas, sai shaiɗan ya kawo mini mas'ala. Na ce masa, “Ka san kuwa abin nan da ke tsakaninka da Baba akwai gyara? Ba a san aski nawa za ka yi a shekara ba, ba a kuma san girman damin ba. Aiki ba sananne ba, lada ba sananne ba.” Na lumshe ido, na girgiza kai a ƙarƙashin aska (ku dubi wauta), na faɗi kalmata.

Ɗanjuma ya goge askarsa a tafin hannu, ya mayar cikin zabira. Ya ce, “To Malam, kada in jefa ka cikin haram da hannuna. In kun gyara sharaɗin a aiko mini.” Ya tashi ya karkaɗe rigarsa ya tafi, ya bar ni da rabin kai. Hula ta ƙi rufe abin, don gashin hagu yana leƙowa ta gefe. Sai na buɗe adudun Baba na ɗauko farin rawaninsa na Salla na naɗa. Ba zan ɓoye muku ba, da ma ina neman dalilin naɗa rawani, sai ga shi wanzami ya ba ni.

Yanzu bari in gaya muku ko wace ce Iya Tabawa. Ƙawar Inna ce tun suna 'yan mata, tare suka yi talla, tare aka yi musu kitson aure. Aure ya kai ta Balan, mijin ya rasu ya bar ta ba ta da ko kaza. Sai Inna ta ba ta akuyarta kiwo, ita ke nan mata guda ɗaya, ja mai farin goshi. Yadda ake yi a wajenmu, haihuwa biyu ta mai akuya ce, ta uku ta mai kiwo. Kuma kiwon akuya da damina ba wasa ba ne. Ba a sakinta saboda shuka, a turke take wuni, sai ka fita da lauje ka yanko mata ciyawa safe da yamma, ka nemo dusa, ka kwashe mata wuri. Iya Tabawa ta yi wannan wahala har akuya ta haihu sau biyu, duk ta kawo wa Inna 'ya'yan, aka sayar da su aka yi hidimar gida. Yanzu ga ciki na uku ya tsufa, nata ne. Kowa ya san yadda ta ƙwallafa rai a kansa. Takan ce in ta samu 'yar akuya tata ta kanta, ta daina zuwa bikin mutane hannu na dukan cinya.

Washegarin askin na ji Inna tana gaya wa ƙanwata cewa akuyar wajen Tabawa ta kusa, bana rabon ƙawarta ne. Ina jin haka na ajiye ludayi. Kiwo aiki ne, ladansa kuma ɗan da ke cikin ciki, wanda ba a san ko ɗaya ne ko biyu ba, mace ko namiji, rayayye ko matacce. Abu biyu da Malam ya hana sun haɗu a wuri ɗaya, kuma a gidanmu. Na ji daɗi ƙwarai, Allah ya yafe mini.

Na tsaya daga bakin ƙofar ɗakinta na yi bayani, na ƙare da cewa gobe zan je Balan in karɓo akuyar har a sake ƙulli ingantacce. Inna ta juya fuskarta ga bango ta ci gaba da kaɗinta. To ni ne ɗan farinta. Tun da aka haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta zama hira da ni, in tana son in yi abu sai ta gaya wa ƙanwata a gabana. Kunyar ɗan fari ke nan, kowa ya san ta, ni ma na san ta. Amma a ranar sai na ga dama na karanta shirun nan a matsayin izini. (Daga baya ƙanwata ta ce Inna ta ɗauka surutun karatu ne irin wanda na saba, ba ta zaci akwai mahaukacin da zai taka har Balan a kansa ba.)

Da na idar da sallar asuba na sa rigata mai kyau, na naɗa rawanin Baba, na kama hanya. An kwana ana ruwa, hanya duk taɓo, ina tafe ina tattare bakin riga ina bitar hujjoji. Hantsi ya ɗaga na yi sallama a gidan Iya Tabawa.

“Maraba da ɗana, maraba da mutanen Gaya,” in ji ta. “Har da rawani? Ashe ƙawata ta zama uwar malam ba ta aiko an gaya mini ba.”

Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, ta ɗumama mini tuwo da miyar kuka. Na cinye tas kafin in faɗi abin da ya kawo ni, wannan ma ku rubuta a cikin laifuffukana. Ga akuyar can a turke ƙarƙashin rumfa, ciki ya sauko, hantsa ta cika. Kusa da ita akwai tumaki biyu masu ƙiba, ɗaya fara, ɗaya mai baƙin kunne.

Na wanke hannu na gyara zama na fara. Na kawo ginshiƙai, na kawo tsuntsu da kifi, na jefa Larabci inda ya samu. Ta saurara tana murmushi, irin na uwa in ɗanta ya fara tatata. Da na yi shiru ta ce, “Madalla da karatu. To ɗana, ni ban iya Larabci ba. Gaya mini da Hausa, me ake so in yi?”

Na ce, “Akuyar za ta koma hannun mai ita, Iya, har a sake shiri.”

Murmushin ya tafi. Ta dubi akuyar ta ce, “Yanzu? Da cikin nan?”

Na ce, “Ai cikin shi ne matsalar.” Na nuna tumakin na ce, “Waɗannan fa?” Ta ce su ma kiwo ne. Na ce su ma za a zo kansu. Ban tambayi ko na wane ne ba, don a ganina wannan ba ya cikin mas'ala.

Sannan ta tambaye ni a hankali, “Ita ƙawar tawa ce ta aiko ka?”

Na ce, “Ta sani.”

Duk abin da ya biyo baya na dariya ne, amma wannan ba na dariya ba ne, kuma har yau yana ci mini rai. Ban tsaya na yi tunanin yadda maganar za ta sauka a kunnenta ba. A wajenmu, macen da ta janye akuyarta daidai lokacin da rabon mai kiwo ya zo ta yi abin da har jikokinta za a yi wa gori. Da kalma biyu na mayar da uwata macuciya a idon ƙawarta ta ƙuruciya.

Iya Tabawa ta tashi, ta je ta kwance igiyar da hannunta ta miƙo mini. Ta ce, “Haihuwa biyu na kai mata har gida, a kwando, a kaina.” Ta shafa bayan akuyar. “Kada ka ja ta da ƙarfi. In ta tsaya ka tsaya. Ba ta shan ruwa sai an jefa 'yar kanwa.” Ta shiga ɗaki ta saki asabari. Na gaya wa kaina ai gaskiya da ma ɗaci gare ta, na ja akuya na fito.

Akuyar ba ta yarda da fatawata ba. Taku kaɗan sai ta toge, ta waiwaya gida ta yi kuka. Ina ja tana ja, har muka zo wata babbar ceɗiya a ƙofar gidan wani dattijo da ake kira Baba Tanko. Ashe suna ake yi a gidan. An riga an raɗa, maza sun cika tabarmi suna jiran abinci, kuma babu wata hanyar fita garin sai ta gabansu. Na gyara rawani na ɗaure fuska, na yi niyyar in yi sallama irin ta malamai in wuce.

Daidai tsakiyar fili akuya ta kafe ƙafafu huɗu. Na ja da ƙarfi, abin da aka ce kada in yi. Igiyar rama ce da ruwa ya riga ya cinye, sai ta tsinke, na tafi da baya na zauna daɓas cikin taɓo. Akuya ta juya ta nufi gida tana rangaji da cikinta. Na tashi na bi ta, na kamo ƙafar baya, ta kubce, na kamo ƙaho. Ga akuya a hannu, babu abin ɗaurewa. Ban yi wata-wata ba na warware rawanin Baba na zarga mata a wuya.

Sai da iska ta bugi ɓangaren dama na kaina na tuna dalilin naɗa rawanin. Wani ya fara ƙyaƙyatawa daga bayan taro, wani ya kama, kafin ka ce me tabarmi duk sun ɗauka. Gefe guda sumul yana ƙyalli, gefe guda gashi cunkus. Ina nan tsaye ina neman inda zan sa fuskata sai na ji wata murya mai sanyi da na sani sarai.

“Wannan ba ɗan Toranke ba ne?”

Malam Isiyaku ne, zaune a tsakiyar dattawa da goronsa a kumatu. Ashe matarsa 'yar Balan ce, ƙanwar Baba Tanko, shi aka ɗauko daga Gaya ya raɗa sunan. Na durƙusa na gaishe shi, bakin rawani a hannuna, akuya a ɗaya bakin.

Ya ce, “Lafiya? Ina zuwa da akuya a wannan hali?”

Mai hankali da sai ya ce aike ne, ya nemi addu'a ya wuce. Ni kuwa sai na ga ƙofa ta buɗe. Ga malamina, ga taro, ga damar da zan wanke kaina daga dariyar nan in nuna musu wanda suke yi wa ita. Na miƙe na yi gyaran murya. Na ce akuyar mahaifiyata ce, an ba Iya Tabawa kiwo a kan haihuwa ta uku, na kuwa duba na ga lada ne da ba a san shi ba, kuma ɗa ne a cikin ciki. Na kawo nassin da Larabci yadda ya koya mana, ban yi tuntuɓe ko ɗaya ba. Na lura da na ambaci sunan Iya Tabawa dattawa sun fara duban juna, sai na ɗauka burge su na yi. Wannan ya ƙara mini ƙarfi.

Na ce, “Kuma ba ita kaɗai ba ce, Allah gafarta Malam. Akwai wasu tumaki biyu a gidan, su ma a kan wannan sharaɗin aka ba ta. Ban san ko wane jahili ne mai su ba, amma ya kamata a nemo shi a karantar da shi.”

Baba Tanko ya kai hannun riga ya toshe baki, kafaɗunsa na rawa. Malam ya mayar da goronsa daga wannan kumatu zuwa wancan.

Ya ce, “Fara da mai baƙin kunne?”

Na ce, “Su ne, Allah gafarta Malam.”

Ya ce, “Nawa ne.”

Ban san yadda zan kwatanta muku dariyar da aka yi ba. Wani tsoho har da kwanciya a tabarma yana riƙe ciki. Mata suka leƙo ta kan danga suna tambayar me ya faru, aka gaya musu, cikin gida ma ya ɗauka. Ni kuwa na roƙi Allah da zuciya ɗaya ya tsaga ƙasar Balan in shige, ko akuyar ta ja ni ta gudu da ni wani gari. Ba a amsa ko ɗaya ba.

Malam ya ɗaga hannu aka lafa. Bai yi fushi ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce, “Abin da ka karanto haka yake a littafi, ban ce ka yi ƙarya ba. Amma a ina muka sa tsinke?”

Na ce, “A tsakiya.”

“To a bayan tsinken nan akwai maganar malamai a kan abin da mutane suka saba da shi, kuma rayuwarsu ba ta tafiya sai da shi. Akwai saɓani a wurin, akwai sauƙi. Akwai kuma cewa ko an warware ƙulli, wanda ya yi wahala ba ya tashi hannu wofi. Me ka bar wa Tabawa na ciyawar da ta yi ta yanka?”

Na sunkuyar da rabin kaina.

Ya ce, “Bar ma abin da ba mu kai ba, mu koma wanda muka karanta ranar farko. Mun ce mai ƙullawa sai yana da iko da abin. Akuyar taka ce?”

“Ta Inna ce.”

“Ta wakilta ka?”

Na ce, “Na gaya mata, ta yi shiru.”

Ya ɗan dube ni. “Kai ne ɗan farinta?”

Na ce ni ne. Tsohon nan da ya kwanta ɗazu ya ɗago ya ce, “Yaro, ai ko ɗakinta ka ce za ka rushe, shiru za ta yi maka.” Aka sake kwashewa.

Ana cikin haka akuya ta yi wani irin kuka ta durƙushe a gabana. Wahalar ja ta taso mata da naƙuda. Nan fa dariya ta tsaya, don kowa ya ga ba ta jin daɗi, tana nishi tana shure-shure, abu ya ƙi fitowa. Tsoro ya kama ni na gaske. In akuyar nan ta mutu, na kashe wa Inna dabbarta, na kashe wa Iya Tabawa rabonta, duk a safiya ɗaya. Baba Tanko ya ce a yi maza a kira Tabawa.

Ta zo idanunta jawur. Ba ta dube ni ba. Ta durƙusa cikin taɓon ta ɗora kan akuyar a cinyarta, tana shafa cikin tana yi mata magana ƙasa-ƙasa, har Allah ya kawo sauƙi. Biyu ta haifa, duka mata. Iya Tabawa ta share musu hanci, ta kai su bakin nono, ta miƙe tana goge hannu a zane. Ta ce, ba tare da ta fuskanci kowa ba, “Ga su nan. A kai wa mai su.”

Malam ya ce, “Mai su ke ce, Tabawa. Haihuwa ta uku ce.”

Ta ce, “An ce bai inganta ba, Malam.”

Ya ce, “Wanda ya faɗa ɗin shi zai ɗauka ya kai miki har turke. Kuma ki sani uwarsa ba ta aiko shi ba, shi ya aiko kansa.”

Haka na tattare bakin rigata mai kyau aka zuba mini 'yan akuya biyu jiƙaƙƙu, na ratsa Balan da rabin aski, uwarsu na bin bayana tana jan rawanin Sallar Baba cikin taɓo. Duk gidan da na wuce sai an fito an gani. Na ajiye su a rumfa, na durƙusa na ba Iya Tabawa haƙuri. Ta ce, “Ba komai, Malam. Ka gaida gida.”

Labari ya riga ni isa Toranke, domin akwai 'yan garinmu a wurin sunan. Ina kusa da gari na hango Inna tafe da lulluɓinta, tana sauri, ta nufi Balan ana yayyafi. Ta wuce ni kamar ta wuce kututture. A can ta kwana. Abin da suka faɗa wa juna ban sani ba, ban kuma taɓa samun ƙarfin halin tambaya ba. Na dai san ta dawo ba akuya, ta kuma gaya wa ƙanwata, da ƙarfi yadda zan ji, cewa ta bar wa Tabawa uwar ma kyauta, babu sharaɗi, don kada wani ya sake samun abin dubawa a littafi. Ilmina na rani guda ya ci wa uwata akuyarta tilo. Baba kuwa ya ɗaga rawaninsa ya duba, ya shinshina, ya ninke ya ajiye. Abin da ya ce kawai shi ne in je in ba wanzami haƙuri, in kuma biya ta rugar Fulani, don ya gaji da fura da ruwa.

Da rani na koma Gaya muka cire tsinke muka ƙarasa babin. Malam bai taɓa tayar da maganar ba, sai dai da muka zo wurin al'ada da larura ya ce ni zan karanta, kuma in ɗaga murya.

Ƙawancen Inna da Iya Tabawa ya ɗore har mutuwa ta raba, garken Iya Tabawa kuma ya yaɗu, ta riƙa zuwa biki da abin hannunta. Ni ma ta yafe mini, in na je takan ɗumama mini tuwo kamar da. Amma ba ta sake ce mini ɗana ba. Malam take ce mini, cikin ladabi, har ta koma ga Allah, kuma a duk sunayen da aka kira ni da su a duniya babu wanda ya yi mini zafi kamar wannan.

Yanzu mutane kan kawo mini rigimar gona da ta kiwo in duba musu. Kafin in buɗe littafi nakan tambaya ko a cikin masu ƙullin akwai wanda ya kawo kuka. In babu, sai in sha ruwa in yi musu addu'a in tashi. Ɗalibaina kuma nakan gaya musu, in suka koma gida suka ji an fara kiran su Malam a gidan da aka saba kiran su ɗa, kada su yi saurin murna, su tsaya su tuna ko akuyar wa suka kwance.